Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Rikicin Salansa Mai Ƙara Tsakanin Direba, Maƙwabci da Hukuma

Wata safiya, a wata unguwa da ke bayan garin Ditroyit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, wani mutum mai suna Steve von Foerster ya tayar da motarsa ƙirar Mustang Shelby GT350 zai fita. Bai yi gudu ba, bai taka kowa ba. Rugugin injin kawai ya ishi wani maƙwabcinsa, har ya ɗauki waya ya kira 'yan sanda. Abin dariyar shi ne, wanda aka kai ƙarar babban injiniya ne a kamfanin Ford, wato kamfanin da ya ƙera motar.

Ba a ci shi tara ba, amma abin ya tsaya masa a rai. Ya tafi da maganar wurin aiki, suka zauna da abokan aikinsa, kuma da Mustang ta shekarar 2018 ta fito, sai ga ta da wani tsari da ma'aikatan kamfanin suka laƙaba wa suna "yanayin maƙwabcin kirki". Direba yakan saita lokaci, a ce daga takwas na dare zuwa bakwai na safe, duk sa'ad da aka tayar da motar a tsakanin nan sai wani bawul da ke cikin salansa ya rufe, ƙarar ta ragu da kusan rabi a kunnen mai saurare.

Wannan mota ce da ta fito daga kamfani da ƙararta. Rikicin da ya fi zafi a Amurka yana kan motocin da masu su suka kai gareji da kansu, suka biya kuɗi aka ƙara musu ƙara. A cikinsu kuwa babu kamar a-kori-kura.

Kasuwar sayar da ƙara

A ƙasar Hausa, a-kori-kura motar wahala ce: buhunan masara, tumaki, siminti, 'yan kasuwar ƙauye a sama. A Amurka kuwa motar gata ce. Jerin a-kori-kurar Ford da ake kira F-Series ya fi kowace irinta kasuwa a ƙasar tun daga 1977, Chevrolet Silverado da Ram na biye da shi. Da yawansu suna da inji mai silinda takwas, kuma mai irin wannan mota yakan ji da ita kamar yadda basarake ke ji da dokinsa na hawan sallah.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kamfanoni irin su Flowmaster da MagnaFlow da Borla suna ƙera salansa kala-kala, kowace da irin muryarta, har akan jera su daga mai sanyin murya zuwa mai tsawa. Wani yakan sauya rabin salansar na baya kawai. Wani yakan yanke tukunyar gaba ɗaya, mai walda ya jona masa miƙaƙƙen bututu daga inji har wutsiya. Idan ka tambaya, hujjar ba ta wuce biyu: ko a ce motar za ta ƙara ƙarfi, ko a ce muryarta ta fi daɗi.

Hujja ta farko ba ta da nauyi sosai. Injin da ba a taɓa komai a cikinsa ba, ɗan ƙarfin da yake samu don an cire masa tukunyar salansa bai taka kara ya karya ba, domin salansar zamani an ƙera ta yadda hayaƙi zai wuce ba tare da cikas mai yawa ba. Kunne ne ke yaudarar direba: ya ji motar na ruri, sai ya ɗauka ta ƙara gudu. Hujja ta biyu kuwa ita ce ta gaskiya, kuma a nan maƙwabci ya shigo, tunda shi ba a tambaye shi ko muryar ta yi masa daɗi ba.

A 2023, wata malamar nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Western da ke Kanada, Julie Aitken Schermer, ta yi wa ɗalibai 529 tambayoyi kan sha'awar mota mai ƙara. Ta samu cewa maza sun fi mata wannan sha'awa, kuma tana tafiya da halin rashin damuwa da abin da zai cutar da wani. Masu sha'awar motoci sun yi ca a kanta, suna cewa ɗaliban jami'a ɗaya ba su isa a yanke wa kowa hukunci da su ba. Suna da gaskiyarsu. Sai dai wanda aka tayar daga barci da ƙarfe biyun dare ba ya buƙatar bincike kafin ya san ba a damu da shi ba.

Me ke cikin tukunyar?

Inji fashewa yake yi, a jere, ba hutawa. A kowace silinda mai da iska suna kamawa da wuta, su tura fistin ƙasa, sannan bawul ya buɗe, hayaƙi mai zafi da matsi ya fito da ƙarfi kamar an harba bindiga. Inji mai silinda takwas da ke juyawa sau 2,000 a minti yana yin wannan harbi sau 8,000 a minti ɗaya, wato kusan sau 133 a daƙiƙa. Aikin salansa shi ne ta karɓi waɗannan harbe-harbe ta lallashe su kafin su fita duniya. Dabarar ta tsufa: tun 1897 wasu 'yan'uwa biyu, Milton da Marshall Reeves na jihar Indiyana, suka yi rajistar tasu.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce tukunya mai ɗakuna. An raba cikinta da faifan ƙarfe, sauti ya shiga ya bugi bango ya dawo, sai wanda ya dawo ya ci karo da mai shigowa su kashe juna. Ta biyu ita ce miƙaƙƙen bututu mai huji-huji da aka naɗe da audugar gilashi. Sauti ya ratsa hujin ya shige cikin audugar ya mutu a can. Wannan ta biyun ta fi iya shanye siririn sauti mai tsinin kunne, amma kaurin rugugi yakan wuce abinsa. Haka kuma zafi yana cinye audugar a hankali, shi ya sa irin wannan salansa take ƙara ƙara idan ta tsufa.

Ban da tukunya, yawancin motoci suna da wata 'yar ƙaramar gwangwani a tsakiyar bututu, wadda aka auna ta don ta kashe wani sauti guda da ke damun kunne. Akwai kuma matatar hayaƙi da ke kusa da inji, wadda kanikawan Najeriya ke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da dunƙulen taliyar nan. Aikinta rage guba ne, amma ita ma tana rage ƙara. A motar dizal, na'urar turbo da matatar baƙin hayaƙi su ma suna shanye kaso mai yawa. Duk wanda aka cire a cikin waɗannan, ƙara ta samu ƙofa.

Ana auna sauti da desibel, kuma lissafinsa ba irin na mudu da tiya ba ne. Ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu. Ƙarin 10 yana nufin ya ninka goma, kunne kuma ya ji kamar ya ninka biyu. Hira tsakanin mutum biyu tana kusan 60. Saboda haka motar da ke fitar da 95 da wadda ke fitar da 105 ba kusa suke ba, ko da yake a takarda tazarar goma ce kacal.

Tsuntsun da ya ja ruwa

Mafi yawan masu neman a rage wa a-kori-kurarsu ƙara ba hukuma ce ta fara kama su ba. Kansu ne ya fara ciwo. A makon farko mutum yana murna, yana ba ta wuta a kowace danja. Ranar da ya hau babbar hanya zai yi tafiyar awa uku, sai ya gamu da wani gurnani mai kauri da ke cika cikin motar, musamman idan injin na juyawa tsakanin 1,500 da 2,500 a minti, wato daidai inda ake zama a doguwar tafiya. Dalili shi ne a wannan juyi bugun hayaƙi yana dacewa da tsawon bututu da faɗin ɗakin motar, sai duk su ɗauki amo tare kamar ganga. Ba a jin rediyo, ba a jin maganar na kusa, maiɗaki ta ce ba za ta ƙara shiga ba, yaro ya kasa barci a baya. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

To yaya ake mayar da ita hayyacinta? Ƙwararrun masu gyaran salansa suna bi daki-daki ne, daga mai araha zuwa mai tsada.

Farko a duba yoyo. Sau da yawa rabin ƙarar daga tsagewa take, ko gaskit da ya ƙone a bakin inji, ko noti da ya karye. Alamarsa ita ce ƙas-ƙas da safe wanda ke raguwa idan ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, da kuma baƙin tabo a inda hayaƙin ke tsiyaya. Wannan ba maganar kunne kaɗai ba ce, domin a cikin hayaƙin akwai iskar guba marar wari marar launi da ke iya shiga cikin mota ta sumar da direba. A duba kuma robobin da ke rataye da salansa. Idan sun tsinke, ko mai walda ya manne bututu da ƙarfen mota kai tsaye, duk girgizar za ta bi ta jikin motar ta shigo ciki.

Na biyu, a duba inda wutsiyar ta ƙare. Wasu suna yanke bututun a ƙarƙashin bodi kafin tayar baya, bakinsa na kallon ƙasa. Sauti ya bugi kwalta ya dawo ya bugi bodi, bodin a-kori-kura kuwa babban faranti ne na ƙarfe. Jan bututun ya fita ta baya ko ta gefe bayan taya yakan rage gurnani sosai da kuɗi kaɗan.

Na uku, a mayar da 'yar gwangwanin tsakiya idan an cire ta, ko a ƙara wata doguwa. Wannan ne gyaran da aka fi yi, domin yana goge kaushin muryar ba tare da kashe ta gaba ɗaya ba. Idan bai isa ba, a sauya tukunyar da babba. A wannan fanni girma shi ne magani: gajeriyar tukunya ba ta da wurin da sauti zai huce, doguwa mai faɗi tana da shi. Haka ma bututun da ya fi ƙarfin injin faɗi, ba ya ƙara komai sai kaurin murya.

Na huɗu dabara ce ta masu lissafi. Ana jona wani bututu a gefen babban bututun, a toshe ƙarshensa. Hayaƙi ba ya bi ta ciki, sauti ne kawai ke shiga ya bugi toshiyar ya dawo. Idan an yanka shi daidai rubu'in tsawon igiyar sautin da ke damun mutum, wanda ya dawo zai iso a daidai lokacin da zai kashe mai zuwa. Ga inji mai silinda takwas da ke gurnani a juyi 2,000, tsawon yakan kama tsakanin santimita 70 da 90, gwargwadon zafin hayaƙin a wurin. Shi ya sa wasu ke yin sa mai zugewa, a yi ta gwadawa har a dace.

Akwai kuma salansa mai bawul, irin ta Mustang ɗin nan, wadda a-kori-kurar Ford Raptor ma take da ita, a rufe a cikin unguwa, a buɗe a daji. Amma a bambanta ta da ƙofar da ake yankawa a gaban tukunya don hayaƙi ya zille mata baki ɗaya, wadda doka ta hana a jihohi da dama.

Abu biyu ne ba sa magani. Shimfiɗa tabarmar kashe sauti a ƙasan kujeru tana sauƙaƙa wa direba, maƙwabci kuwa yana nan inda yake. Cusa soson ƙarfe a wutsiyar salansa kuma wasa da wuta ne: ko ya toshe hanya inji ya shaƙe, ko ya yi ja ya fito da tartsatsi. Gyaran da ba ya kuskure shi ne mayar da salansar da motar ta zo da ita, shi ya sa masu wayo ba sa jefar da ita. Sannan akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. Mota ta fi ƙara a tashin farko na safe, domin kwamfutarta tana ɗaga sulo don matatar hayaƙi ta yi zafi da wuri. Wanda ya juya wutsiyar motarsa daga tagar maƙwabci, ya tayar ya tafi a hankali ba tare da taka totur ba, ya kashe rabin rigimar.

Birkin da ke harbi

Manyan motoci suna da tasu matsalar. Duk wanda ya kwana kusa da gangara a babbar hanya ya san wannan ta-ta-ta-ta mai kama da bindiga mai sarrafa kanta da tirela ke yi idan tana saukowa. Birkin inji ne. Clessie Cummins, wanda ya kafa kamfanin injin dizal mai ɗauke da sunansa, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya taɓa tsallake rijiya da baya a wata gangara a Kalifoniya, kamfanin Jacobs kuma ya fara sayar da shi a 1961. Yana buɗe bawul ɗin hayaƙi a daidai lokacin da fistin ya gama matse iska, sai matsin ya fice a banza, injin ya koma yana riƙe motar maimakon tura ta.

Na'ura ce mai ceton rai, domin tana hana birkin taya yin zafi ya tsinke da kaya tan talatin a baya. Duk da haka garuruwa da yawa a Amurka da Kanada sun kafa alluna a bakin gari suna hana amfani da ita. Direbobi suna cewa an kama ba mai laifi ba: a motar da salansarta ke lafiya birkin ba ya tayar da hankali, mai miƙaƙƙen bututu ne ke jawo wa kowa baƙin jini. Wasu wuraren sun karɓi wannan hujja, suka gyara allunansu ya zama birkin inji marar salansa kawai aka hana.

Kunnen ɗan sanda ko ma'auni?

A 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar taƙaita ƙara ta tarayya, aka ba hukumar kare muhalli ta ƙasar ikon sa iyaka. Daga nan aka ɗora wa sababbin manyan motoci iyakar desibel 83 daga 1978, aka sauko da ita 80 daga 1988, ana aunawa daga nisan ƙafa 50. Amma a farkon mulkin Ronald Reagan aka yanke wa ofishin da ke kula da ƙara kuɗi, ya rufe a 1982. Ba a soke dokar ba, an dai bar ta ba mai riƙe da ita, nauyin ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomi.

Yawancin jihohi suna da doka mai cewa dole mota ta kasance da salansa mai aiki wadda ke hana ƙarar da ta wuce kima. Matsalar ita ce, wa zai faɗi kimar? Ɗan sanda ya ce ta yi yawa, direba ya ce ba ta yi ba, alƙali kuma bai ji ba. Kalifoniya ta zaɓi lamba: desibel 95 ga motar da nauyinta da kaya bai kai fam 6,000 ba, wato kusan kilo 2,700, ana ajiye na'urar awo inci 20 daga bakin salansa, a karkace. Manyan a-kori-kura da dama sun zarce wannan nauyi, nasu sharaɗin daban ne. Wanda aka rubuta wa takarda yakan kai motarsa cibiyar gwaji ta jiha, in ta ci jarrabawa a ba shi shaida ya kai kotu. Ƙungiyar masu ƙera kayan ƙawata mota, SEMA, ita kanta tana goyon bayan wannan tsari, domin ɗan kasuwa ya fi son lambar da ya sani da ra'ayin da bai san inda zai faɗa ba.

A farkon 2019 jihar ta ƙara tsanani. Da, akan ba mai laifi dama ya gyara ya kawo shaida a yafe masa. Sabuwar doka ta ce tara kai tsaye. Aka yi ta kururuwa, kafin shekarar ta ƙare majalisa ta mayar da damar gyaran.

Jihar Niyok ta bi ta wata hanya. A Oktoban 2021 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a wata doka da aka tsara sunanta ya ba da SLEEP, kalmar da ke nufin barci a Turanci. Ta ɗaga tara daga dala 150 zuwa 1,000, kuma ba ta tsaya kan direba ba: garejin da aka kama sau uku cikin wata 18 yana sa irin wannan salansa zai iya rasa lasisinsa. A Siyatil kuwa, a 2024, kotu ta ɗora wa wani matashi mai Dodge Charger sama da dala 83,000, bayan ya shafe watanni yana hana tsakiyar birnin barci yana ɗora bidiyon a intanet, ya kuma ƙi gyara motar da aka umarce shi.

Cire matatar hayaƙi kuwa laifi ne na tarayya a ƙarƙashin dokar tsaftar iska, ko motar ta yi ƙara ko ba ta yi ba. A 2020 wata kotu a jihar Yuta ta ci masu shirin talabijin na Diesel Brothers tarar sama da dala 850,000 saboda cire irin waɗannan na'urori daga motocin dizal, kuma ƙungiyar likitoci ce ta kai su ƙara.

Kyamara mai kunne

Ko da akwai lamba, kafin ɗan sanda ya iso mai ƙara ya yi nisa. Wannan ya sa birane suka koma ga na'ura. Birnin Niyok ya fara gwajin kyamara mai makirfo a 2021. Idan mota ta wuce da ƙarar da ta haura desibel 85 daga nisan ƙafa 50, sai ta ɗauki bidiyo da lambar motar, ma'aikata su duba, takarda ta iske mutum a gida. Tarar farko dala 800 ce, tana hawa har 2,500 ga mai maimaitawa. A ƙarshen 2023 majalisar birnin ta amince a sa aƙalla biyar a kowace gunduma daga cikin gundumominsa biyar.

Kada a ga 85 a nan da 95 a Kalifoniya a ɗauka kusa suke. Sauti yana raguwa da kusan desibel 6 duk sa'ad da nisa ya ninka, don haka lambar da aka ɗauka a bakin salansa da wadda aka ɗauka daga tsallaken titi ba a gwada su kai tsaye. Doka mai kyau takan faɗi lamba, ta faɗi nisa, ta faɗi juyin inji.

A Landan, gundumar Kensington da Chelsea, inda masu hannu da shuni ke baje kolin motocin tsere da daddare, ta kafa irin waɗannan kyamarori a 2020 da tarar fam 100. Faris ta fara nata gwajin a 2022, da shirin tarar yuro 135. Cibiyar Bruitparif mai auna ƙarar birnin ta ƙiyasta cewa babur ɗaya da aka yi wa salansarsa ta'adi, idan ya ratsa Faris da dare, zai iya tayar da mutum 10,000.

Na'urar ma ba ta rasa masu suka. An samu wanda aka ci tara a Niyok da motar da bai taɓa komai a jikinta ba, ya garzaya kotu yana cewa haka ya saye ta. Amsar masu goyon bayan kyamarar ita ce, motar da aka yarda a sayar ba lasisin taka totur a tsakiyar gidajen mutane ba ce.

Abin da ƙara ke yi wa jiki

Wani zai ce duk wannan ɗawainiya a kan ƙara kawai? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba "kawai" ba ce. A jagorar da ta fitar wa Turai a 2018, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar titi ya wuce desibel 53, da dare kuma 45. Hukumar muhalli ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta a 2020 cewa ƙara na da hannu a mutuwar mutum 12,000 kafin lokacin da aka saba, da sababbin masu ciwon zuciya 48,000, duk shekara a nahiyar. Kunne ba shi da murfi irin na ido. Ko mutum bai farka ba, jikinsa ya ji, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau. Mota ɗaya mai tsawa a cikin shirun dare ta fi masu wucewa a hankali illa, domin zabura ce ke karya barci.

Direban ma bai tsira ba. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. A 100, minti 15 ne. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Mu fa a nan?

Da yawa daga motocin da ke titunanmu daga can suka zo, ta Kwatano ko ta Legas. Wasu kan iso an riga an ƙwaƙule musu indomi, wasu a nan ake yi, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinam. Mai mota ya ji muryarta ta sauya, warin hayaƙi ya ƙaru, bai san an yi masa sata ba. Ga tifa da tirela masu ruɓaɓɓiyar salansa da aka ɗaure da waya. Ga samarin da ke cire hancin salansar babur ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, su bi layi suna ta harbi, tsoho da majinyaci da mai jego duk su ji a jikinsu. Wasu kan ce ƙarar tana sa a kauce musu. Masu manyan babura a Amurka ma haka suke faɗa, amma bakin salansa baya yake kallo, wanda aka riga aka wuce shi ne ke shan mafi yawanta.

Doka kuwa ba mu rasa ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara na ƙasa, waɗanda suka sa wa unguwar zama iyakar desibel 50 da rana, 35 da dare. Akwai jami'an duba lafiyar mota, akwai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988, ga hukumomin jihohi irin su KAROTA a Kano. Abin da darasin Kalifoniya da Niyok ya nuna shi ne, doka tana aiki ne idan ta haɗa abu uku: ma'aunin da kowa zai gani da idonsa, damar gyara kafin tara, da kuma ɗora alhaki kan mai yankan salansar, ba mai motar kaɗai ba. In babu ma'auni, sai dokar ta zama wata ƙofar ciniki a bakin titi. Na'urar awon kuwa ba ta fi tafin hannu ba, har wayar salula ma tana iya ba da ƙiyasi.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Shugabannin kanikawa da masu walda, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, suna da ikon cewa 'ya'yan ƙungiyarsu su daina yanke tukunyar salansa. Masu unguwanni da iyayen ango suna da bakin hana harbin babur a biki. Kai kuma mai mota ko babur, gobe da asuba ka sa wani ya tayar maka da ita, ka je ka tsaya a ƙofar gidan maƙwabcinka ka saurara. Idan abin da ka ji ba za ka so a yi maka shi a bakin tagarka ba, ka wuce wurin mai walda kafin ka wuce ko'ina. Haƙƙin maƙwabci ya fi kuɗin tukunyar salansa nauyi.